Yadda Ake Jarraba Bayanin Kayan Aikin Wakilin Na'ura

Tun daga watan Yuni na 2023, sa'ad da kamfanin OpenAI na ƙasar Amurka ya buɗe hanyar da manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira za ta riƙa kiran waɗansu manhajoji su yi mata hidima, al'amarin na'urorin nan ya tashi daga amsa tambaya ya koma wakilci, watau mutum ya ɗora wa na'ura saƙo, ita kuwa ta zaɓi kayan aikin da za ta isar da shi, ko na bincike a intanet, ko na duba kalanda, ko na mayar wa mai saye kuɗinsa. To, wakilin nan ba ya ganin cikin ko ɗaya daga kayan. Iyakar abin da ake nuna masa sunan kowanne, da 'yan layuka na bayanin aikinsa, da guraben da zai cika. A kan wannan ɗan rubutu yake gina hukuncinsa duka. Da kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP a Nuwamba 2024, wadda ta sauƙaƙa wa kowa haɗa kayansa da wakili, sai bayanai suka yawaita, ingantattu da raunana.

Malaman Manɗiƙi sun shar'anta cewa ta'arifi ba ya inganta sai ya tattara dukkan abin da yake nasa, ya kuma hana bare shiga, kuma wannan sharaɗi ne ya hau kan mai rubuta bayanin kaya, gama wajibi ne ya faɗi inda ake amfani da shi da inda ba a yi. In bayanin kaya biyu ya yi kama, wakili zai zaɓi ɗaya bisa zato. In an ce ya rubuta mai saye a gurbi, ba a fayyace sunansa ake nufi ko lambarsa ba, an jefa shi cikin shubuha.

Amma marubucin ba ya zama alƙalin rubutunsa, domin duk giɓin da ya bari, saninsa yana cike masa shi bai ankara ba. Saboda haka ake tsara ayyukan da aka riga aka san sahihin sakamakonsu, a ba wakili, a lissafa sau nawa ya ɗauki kayan da ya dace, sau nawa ya cika gurabe daidai, da kira nawa ya ɓata kafin ya kai. Ma'aunin da masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali suka kafa a 2024 har yana sa tambayoyin da babu kayan da ya dace da su, a ga ko wakili zai kame hannunsa. A 2024 ɗin kuma kamfanin Sierra ya jarraba wakilai da hidimar masu sayayya da fasinjojin jirgin sama, yana maimaita aiki guda sau da dama, sai aka tarar a ɓangaren sayayya ayyukan da GPT-4o, manhajar OpenAI, ta ci sau 8 a jere ba su kai rubu'i ba. Lalle cin jarrabawa sau ɗaya ba hujja ba ne. Waɗannan ma'aunai na'urar suke aunawa, amma in aka bar na'ura yadda take aka sauya lafazin bayani kaɗai, bambancin da ya fito na bayanin ne, muddin an ɓoye waɗansu ayyuka don kada a gyara lafazi domin jarrabawa kurum.

A ganina, karanta sawun wakili kira bayan kira ya fi lissafin fa'ida, domin lissafi kasawa yake nunawa, sawu kuwa sanadinta. Ta haka injiniyoyin Anthropic suka lura manhajarsu Claude tana liƙa shekarar 2025 a jikin kalmomin bincikenta ba gaira ba dalili, har sakamako ya gurɓata, suka kuwa magance abin da gyaran bayanin kayan.

Akwai kuma mas'alar amana. A Afrilu 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna cewa maha'inci na iya cusa umarni a ɓoye cikin bayanin kaya, wakili ya karanta ya bi, ya fitar da asirin mai shi, alhali mai shi gajeren suna kawai yake gani a allonsa. Don haka, ya mai karatu, in za a haɗa wakili da asusunka ko littafin cinikinka, nemi a nuna maka cikakken bayanin kowane kaya, ka kuma tambayi sau nawa aka jarraba shi, da abin da ya aikata ranar da ya kasa.