Amosanin Jini, Wabi da Ilimin Ƙwayar Gado

Gabatarwa

Tun kafin likitocin zamani su zo, Hausawa suna da sunaye ga cutar da yau ake kira sikila. Ciwon gaɓoɓin da ke tsananta da hunturu da damina sun kira shi amosani, daga baya aka ce amosanin jini. Macen da take haihuwa 'ya'yan suna mutuwa da ƙuruciya kuwa aka ce tana wabi, har akan raɗa wa ɗan da ya biyo baya suna irin su Ajuji ko Ayashe. Ba kowane wabi ne sikila ba, domin zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda ma sun ɗebi nasu rabo. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba abin da masana suka gano game da cutar, da kuma nauyin da wannan ya ɗora wa masu nazarin harshe.

Abin da Aka Gano a Ƙasar Hausa

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun gudanar da bincike kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa. Alan Fleming, shehun malami a fannin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokan aikinsa sun auna jinin mutanen ƙauyukan. Sakamakon da suka buga a 1979 ya nuna cewa kimanin jarirai 2 cikin 100 da sikila ake haihuwarsu, amma da ƙyar ake samun mai ita cikin manya. Wato mafi yawansu ba sa wuce ƙuruciya. Haka kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jama'ar suna ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da sun yi ciwo ba.

Doguwar Tafiyar Neman Magani

Gano tushen cuta daban, warkar da ita daban. Rayuwar Francis Collins, masani ɗan Amurka, misali ce. A farkon shekarun 1980 ya yi nazari kan irin jinin da tayi yake da shi a ciki, wanda ke raguwa bayan haihuwa. A 1989, tare da Lap-Chee Tsui da John Riordan na Toronto, ya gano ƙwayar gadon da ke haddasa sistik faibirosis, cutar da ke toshe huhu da majina mai kauri, wadda ta fi yawa cikin Turawa. Aka yi zaton magani ya ƙarato. Daga 1993 aka shiga gwada shigar da lafiyayyar ƙwaya cikin hanyoyin numfashin marasa lafiya, amma amfanin bai ɗore ba. Sai a 2019 aka amince da Trikafta, wanda ke taimakon mafi yawan masu cutar, shi ma maganin sha ne, bai gyara ƙwayar gadon ba.

Sikila ce ta riga cin gajiyar gyaran. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy. Akan ɗebo ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin mara lafiya, a gyara su yadda za su koma yin jini irin na tayi, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje, sa'an nan a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka ya kai dala miliyan 2.2 ga mutum guda.

Rabon Harshe

Ga manomi a Nahuce, ta ƙaramar hukumar Bunguɗu, wannan magani tamkar gani ga wane ne. Abin da hannunsa zai kai gare shi shi ne awon jini kafin aure, wanda ake yi a asibitocin Gusau, kuma Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Sai dai awo ba ya amfani in ba a fahimci bayaninsa ba, kuma a nan kalmomi biyu suke kawo cikas.

Ta farko ita ce wabi, wadda ke jingina lamarin ga mace ita kaɗai, har ta kai ga saki ko gori daga dangin miji. Alhali yaro ba ya samun sikila sai ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka. Ta biyu ita ce furucin “ɗaya cikin huɗu”. Da yawa sukan ɗauka cewa in ɗa ɗaya ya zo da cutar, ukun da za su biyo sun tsira. Gaskiyar ita ce kowane ciki da nasa lissafi, kamar ƙuri'ar da ake sake jefawa.

Kammalawa

Ke nan akwai buƙatar malaman Hausa su zauna da likitoci su daidaita kalmomi: wace za a ce wa mai ɗauke da ƙwaya wanda ba ya ciwo, kuma yaya za a bayyana gadon da ke zuwa ta ɓangare biyu. Waliyyi da liman da ungozoma su ne za su isar da bayanin, kuma da Hausa za su isar da shi.