Kafa Dandalin Gwajin Uwar Garke da Warware Matsalolin Ajiya da Sadarwa a Makarantun Arewacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda makaranta za ta kafa dandalin gwaji kafin ta ɗora aikinta a kan uwar garke, wato babbar kwamfutar nan da ke riƙe da bayanai tana rarraba su ga sauran. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta kuma mai da ita tilas a 2015. Tun daga lokacin, makomar ɗalibin Dauran ko Zurmi ko Shinkafi ta rataya a kan lafiyar irin wannan na'ura. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya bayyana cewa wani gyaran manhaja da bai zauna daidai a kan wasu uwayen garke ba ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157, har aka sake masu jarrabawa. In wannan ya sami babbar hukuma, to, ƙaramar makaranta ita ta fi cancanta ta yi hattara.

2.0 Kafa Dandalin Gwaji

Dandalin gwaji kwatankwacin uwar garke ne da aka keɓe domin a jarraba kowane canji a kansa tukuna. Kwamfuta guda mai ƙwaƙwalwar gigabayit 16 ta wadatar, domin da manhajar VirtualBox ko Proxmox ana iya ƙirƙirar kwamfutocin kwaikwayo da dama a cikinta. Sharuɗɗansa uku ne. Na farko, ya yi kama da na'urar ainihi ta fuskar manhaja da tsari. Na biyu, a raba shi da layin da ɗalibai ke aiki a kai. Na uku, a adana hoton halin da yake ciki kafin kowane canji, domin a sami wurin komawa in abu ya ɓaci.

Muna ganin gwaji iri uku sun zama wajibi a wannan yanki. Akwai gwajin nauyi, inda za a kunna dukkan kwamfutocin ɗaki su nemi aiki a lokaci guda, domin na'urar da ta ɗauki mutum biyar tana iya durƙushewa a gaban ɗari. Akwai gwajin yanke wuta da gangan, a ga ko inbata ko janareto zai karɓa ba tare da na'ura ta mutu ba. Sai kuma gwajin cire intanet gaba ɗaya. Ba mu manta ba, a farkon Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, kuma ƙananan hukumomi sun daɗe a rufe bayan an buɗe Gusau. Makarantar da darussanta ke kan uwar garke ta cikin gida, alal misali a manhajar Moodle ko Kiwix, irin wannan rufewa ba ta tsai da karatunta.

3.0 Matsalolin Ajiya

Galibin cutar ma'ajiya daga wurare uku take tasowa. Ta farko ita ce cikar faifai, wadda sau da yawa rahotannin da na'ura ke rubuta wa kanta ne ke haddasa ta, su yi ta taruwa har rumbun bayanai ya rasa inda zai rubuta amsar ɗalibi. Ta biyu ita ce tsufan faifai. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a nan, da ƙurar hunturu da ke toshe fankoki, suna rage masa kwana. Akwai tsarin SMART a cikin faifan da ke ba da labarin lafiyarsa, ya kamata a riƙa duba shi duk mako. Ta uku ita ce ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu, abin da kan bar fayil rabi da rabi.

Wajibi ne mu ja hankali a kan wani ruɗu. Haɗa tagwayen faifai masu kwafar juna yana kare mutum daga mutuwar ɗaya, amma abin da aka goge bisa kuskure yakan goge a duka biyun nan take. Saboda haka a ajiye kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani gini dabam. Bugu da ƙari, a riƙa maido da kwafin a dandalin gwaji lokaci-lokaci, domin ba a sanin hatsin rumbu na da kyau sai an buɗe.

4.0 Matsalolin Sadarwa

A nan ƙa'idar ita ce a fara daga ƙasa a hau sama. Da fari a duba wuta da waya: shin fitilar akwatin rarraba layi tana ƙyaftawa? Wayar sadarwa ta jan ƙarfe ba ta wuce mita 100, kuma ɓera da gara ba su raga mata. Daga nan a duba lambar adireshin kwamfuta. In ta fara da 169.254, alama ce ba ta sami mai raba adireshi ba. In kuwa na'urori biyu suka ɗauki lamba ɗaya, sai haɗi ya riƙa zuwa yana yankewa. Bayan haka a aika umurnin ping zuwa uwar garke. Idan ta amsa amma shafi ya ƙi buɗewa, to, ko manhajar ce ta tsaya, ko katangar tsaro ta rufe ƙofa. A kuma duba agogo, domin ƙaramin batirin cikin kwamfuta in ya mutu kwanan wata kan koma baya, sai a ƙi karɓar takardar shaidar tsaro. A duk wannan bincike, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta sakamako.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa tsari ake bukata fiye da kuɗi. Muna ba da shawara Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda da Kwalejin Ilimi ta Maru su sa wannan aiki cikin horon ɗalibansu, domin su ne za su riƙe ɗakunan kwamfuta na makarantunmu. Haka kuma kowace makaranta ta tanadi kundin da za a riƙa rubuta matsala da maganinta da Hausa, yadda in ma'aikaci ya tashi, wanda ya gaje shi zai tarar da abin dogaro. Hausawa dai sun ce tun ranar gini ranar zane.