Me ke hana tsohon injin kwale-kwale juyawa?

A garuruwan da ke bakin manyan ruwaye, irin su Yauri da Malale a kan tafkin Kainji, ko Lokoja inda kogin Kwara ya haɗu da Binuwai, ko kuma Yeji a bakin tafkin Volta na ƙasar Ghana, injin kwale-kwale shi ne jarin iyali guda. Da shi ake kai fasinja kasuwa, da shi ake fita su, da shi kuma ake garzayawa da mara lafiya asibiti a tsallaken ruwa.

Irin wannan inji da ake maƙalawa a bayan jirgi ya samu kasuwa sosai a hannun Ole Evinrude, wani Ba'amurke haifaffen Norway, wanda ya ƙera nasa a birnin Milwaukee a shekarar 1909. An daina ƙera injunan Evinrude a 2020, amma tun kafin nan kamfanonin Japan ne suka mamaye ruwayen Afirka ta Yamma, musamman Yamaha da samfurinsa na Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40.

Dukkansu daga waje ake shigo da su, da kuɗin waje. Tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023, sayen sabo ya fi ƙarfin masunta da dama, lamarin da ya sa tsofaffin injunan da aka jingine a zaure ko a rumfar bakanike suka sake yin daraja. Matsalar ita ce sau da yawa idan aka ɗauko su, aka ja igiya ko aka murɗa makulli, ko motsi ba sa yi.

Cuta biyu ce, ba ɗaya ba

Kanikawa na bambanta injin da ke juyawa amma ya ƙi kama wuta, da wanda ya ƙi juyawa kwata-kwata. Na farko matsalarsa tana wajen mai ko tartsatsin fulogi. Na biyu kuwa ko dai abin da ke juya shi ne ya gaza, ko kuma wani abu ne ya riƙe shi daga ciki. Rashin bambanta su ne ke sa a ga mutum ya kwance kafireta yana wankewa, alhali injin da bai juya ba bai ma kai ga neman mai ba tukuna.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne wanda aka fi rainawa, wato giya. Yawancin injunan nan an yi musu kariyar da ke hana su tashi idan suna cikin giya, domin kada jirgi ya zabura ya watsar da mutane cikin ruwa. A masu igiya, wani ɗan ƙarfe ne ke kulle igiyar. A masu makulli kuwa, wani ɗan makunni ne ke yanke wuta. Idan sandar giya ba ta zauna daidai a firi ba, ko wayar da ke haɗa ta da kariyar ta saki, injin lafiyayye zai yi kamar ya mutu.

Ga masu batir, kunne ma ma'auni ne. Idan an murɗa makulli aka ji shiru, to wuta ba ta isa ba sam, sai a nemi fiyus da makullin kansa da makunnin giya. Idan aka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, batir ne ya yi sanyi. Idan kuwa ƙas guda aka ji mai ƙarfi sannan shiru, to ko sitata ce ta lalace, ko wayoyi sun kasa ɗaukar wutar, ko kuma injin ne ya cije. Wani lokaci sitatar kan yi ta gudu ita kaɗai, saboda ɗan haƙorinta ya kafe da tsatsa ya kasa tashi ya kama faifan da ke saman inji, kuma wankewa da ɗan mai sun isa su warware wannan.

Batir mai cikakken caji yakan nuna bolt 12.6 a ma'auni, wanda ya nuna 12.2 kuwa ya kai kusan rabi. Sai dai wannan lissafi na iya yaudara, domin tsohon batir kan nuna lafiya idan yana hutawa, ya durƙushe da zarar an ɗora masa nauyi. Saboda haka ake auna shi a daidai lokacin da ake murɗa makulli, idan ya faɗi ƙasa da bolt 10 sosai, to ya gaji. Kazalika laimar ruwa na cin wayoyi ta cikin robarsu, ta yadda waya za ta yi kyau a ido alhali cikinta ya zama kore. Kan batir mai farin gari, da wayar da ke haɗe da jikin inji, sun sha sa an sayi sabuwar sitata ba gaira ba dalili.

Idan injin ne ya cije

Nan ne aikin yake, kuma nan ne gaggawa ta fi yin ɓarna. Ana cire fulogai duka, a kau da wayoyinsu daga ramukan don kada tartsatsi ya haɗu da tururin fetur, sannan a gwada juya faifan saman inji da hannu.

Idan ya juya ruwa ya feso daga ramin fulogi, to an gano mai laifi. Fistan na iya matse iska, amma ba ya iya matse ruwa, don haka ko cikin ƙaramin kofi ne ya shiga silinda, zai tsayar da inji cak. Wanda ya dage da sitata a wannan hali zai iya lanƙwasa sandar da ke riƙe da fistan, ya mayar da gyaran yini guda ya zama na kwance inji baki ɗaya. Wannan kan faru ne idan jirgi ya kife, ko an kwantar da inji kansa na ƙasa da farfela har ruwa ya gangaro ta hanyar hayaƙi. Abin mamaki shi ne, injin da ya nutse ya fi lalacewa bayan an tsamo shi, domin da zarar iska ta taɓa jiƙaƙƙen ƙarfe tsatsa ke fara aiki cikin sa'o'i. Shi ya sa ake son a zubar da ruwan, a zuba mai, a tayar da shi a ranar.

Idan kuwa an cire fulogai amma faifan ya ƙi motsi, bai kamata a yanke hukunci a kan fistan ba tukuna. Akwai doguwar sanda da ta sauka daga inji zuwa akwatin giya da ke cikin ruwa. Zaren koma ko na fatsa kan naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga man giya, haƙora su yi tsatsa su kafe. Alamar ita ce man giya ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara. Kanikawa kan kwance ƙasan injin gaba ɗaya su sake gwada faifan, idan ya juya, to saman lafiyarsa ƙalau.

Sai idan duk wannan bai yi ba ne ake cewa zobban fistan sun manne da jikin silinda. Maganinsa haƙuri ne. Ana kwantar da injin ramukan fulogi na kallon sama, a zuba man da ke narkar da tsatsa, a bar shi kwana biyu ko uku, wani lokaci har mako. Daga nan a sa sifana a kan faifan, a riƙa motsa shi gaba kaɗan baya kaɗan, ba da ƙarfin tsiya ba. Masu ɗora dogon bututu a kan sifana su hau da ƙafa sukan samu injin ya juya, amma da karyayyun zobba da silinda mai zane.

Akwai kuma bambanci tsakanin injin da ya cije saboda zama, da wanda ya cije yana cikin gudu don zafi ko rashin baƙin mai. Na biyun ƙarfen fistan ne ya narke ya shafe jikin silinda, kuma babu man da zai gyara shi sai an buɗe.

Bayan ya juya

Juyawa ba tashi ba ne. Ana auna matsin kowace silinda, abin da ake nema shi ne kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kimanin kashi 10 cikin ɗari. Sai a duba wutar fulogi, wadda ya kamata ta zama shuɗiya mai ƙarfi. Idan babu ita sam, a fara da ɗan makullin gaggawa mai igiyar da matuƙi ke ɗaurawa a hannu, domin idan ya fita daga mazauninsa inji zai yi ta juyawa ba tare da ya kama ba.

Fetur ɗin da ya yi watanni a tanki zubar da shi ake yi. Yakan bushe ya bar danƙo a ƙananan ramukan kafireta, ga ruwan raɓa da ke taruwa a ƙasan tanki. Ingancin man kansa abin lura ne, ganin yadda gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol da aka shigo da shi Nijeriya a farkon 2022 ya lalata motoci da dama. Ga injunan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, awon da ya fi yawa shi ne kashi 1 cikin 50, wato rabin lita na baƙin mai a tanki mai lita 25, ko da yake kowane samfuri da abin da kamfaninsa ya ƙayyade. Tsadar fetur tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023 na iya jan mai jirgi ya tsuke hannu a kan baƙin mai, amma wannan tsimi ne da ke ƙarewa a rumfar bakanike.

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. A cikin ƙasan injin akwai wata 'yar farfelar roba da ke tura ruwa sama don sanyaya shi. Idan ta daɗe a zaune takan bushe ta tsage, yashin kogi kuma na cinye ta. Tayar da inji a tudu ba tare da ƙasansa na cikin ruwa ba na iya ƙona ta cikin ƙasa da minti guda, shi ya sa ake gwaji a cikin duro cike da ruwa. Da zarar ya tashi, sai a zuba ido a kan siririn ruwan da ke tsartowa daga gefensa. Idan bai fito ba, a kashe nan take.

Manyan haɗurran da suka girgiza Nijeriya, kamar na Wara a jihar Kebbi a 2021 da na Patigi a jihar Kwara a 2023, an fi danganta su da lodin da ya wuce kima da tsufan jirage. Amma jirgi mai lodi da injinsa ya mutu a tsakiyar Kwara lokacin cikar ruwa ba shi da ikon juya goshinsa ga igiyar ruwa. Don haka injin da aka farfaɗo da shi yana bukatar a fara gwada shi a kusa da gaɓa, babu fasinja, da filafili da gora a cikin jirgi, har sai ya yi zafi, an kashe shi, ya kuma sake tashi.