In Inji Ya Fara Ƙwanƙwasa

Daga raƙumi zuwa mota

Da can, kafin zuwan mota, da raƙuma da jakai ake fatauci a ƙasar Damagaram. Ayari yakan tashi daga Zinder ya nufi Kano, ko kuwa ya yi arewa zuwa Agadas. Kowace safiya madugu yakan duba dabbobin ayari. In ya ga raƙumi yana ɗingishi, sai a rage masa kaya, a duba ƙafar. Ya sani in aka matsa masa, zai durƙushe a inda babu rijiya.

A ƙarshen shekarar 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën suka ratsa Zinder, a kan hanyarsu ta zuwa tafkin Cadi. A lokacin mota abin kallo ce. Yau kuwa ta karɓi aikin raƙumi. Ita ke kai mutane Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Ita ke ɗaukar gero da wake da awaki zuwa kasuwannin Mirya, Magarya da Matamaye.

Mota ma takan yi nata ɗingishi. Sai dai ba a ganinsa da ido, da kunne ake jinsa. Shi ne ƙwanƙwasar inji.

Abin da ke cikin inji

Inji, wanda wasu ke ce ma moter, shi ne ke tafiyar da mota. A cikinsa akwai ramuka masu santsi, ana kiransu silinda. Ƙananan motoci da yawa silinda huɗu gare su. A cikin kowane rami akwai fistan, yana hawa yana sauka kamar taɓarya a turmi.

Aikin fistan hawa huɗu ne. Na farko, ya sauka, ya jawo iska da fetur. Na biyu, ya hau, ya matse su. Na uku, filogi ya ƙyasta wuta, su kama, ƙarfin wutar ya tura fistan ƙasa. Na huɗu, ya sake hawa, ya kori hayaƙi waje. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ya ƙera inji mai aiki haka a shekarar 1876.

To, yaya hawa da sauka ke zama juyi? A dubi tela da keken ɗinki. Ƙafarsa tana taka fedal sama da ƙasa, wani sandan ƙarfe yana tura gargaren keken, gargaren yana juyawa. Haka abin yake a inji. Kowane fistan yana da hannu na ƙarfe. Hannun yana riƙe da wani babban ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe, ana ce masa karanshaf. Fistan ya tura hannu, hannu ya juya karanshaf, juyin ya bi ta giya har ya kai ga tayoyi.

Aikin baƙin mai

A daidai inda hannun fistan ya kama karanshaf, akwai wani siririn ƙarfe mai laushi, kamar ɓawon gyaɗa. Shi ne matashi. Makanikai da yawa suna ce masa metal. Tsakanin matashi da karanshaf akwai ɗan fili ƙarami ainun, bai wuce kaurin gashin kai ba. Wannan filin baƙin mai ke cika shi.

Akwai famfo a ƙasan inji. Shi ke tura baƙin mai ya shiga ko'ina. Muddin mai yana wurin, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, a kan mai yake zamewa. Baƙin mai yana kuma rage zafi, yana wanke datti ya kai shi matata.

Amma mai yakan tsufa. Zafi yana tsinka shi. Ƙura tana ɓata shi. A ƙasar Damagaram kuwa akwai su duka biyu. Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Da hunturu iska takan taso da ƙura daga hamada. Saboda haka motar da ke aiki a nan tana son juyen mai a kan kari, da matatar iska mai tsabta.

Ƙwanƙwasa iri biyu ce

Ta farko ƙarama ce. Tana yin "kas-kas-kas", kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. An fi jinta in mota tana hawan tudu da kaya, ko in an taka totur da ƙarfi. Dalilinta shi ne wani sashe na fetur yana fashewa da kansa, ba ya jiran wutar filogi ta iso gare shi. Fetur marar kyau yana kawo wannan. Zafin inji ma yana kawo shi. Akwai matatar mai ta SORAZ a arewa da Zinder, kan hanyar Tanut, an buɗe ta a shekarar 2011. Amma ko mai ya fito da kyau daga matata, yana iya lalacewa kafin ya kai tanki. In an zuba shi a jarka mai datti, ko an garwaya shi da kananzir, ya ɓaci. Wannan ƙwanƙwasa in ta daɗe takan cinye kan fistan, har ta huda shi.

Ta biyu ita ce babba. Tana yin "ƙwam-ƙwam-ƙwam" daga ƙasan inji, kamar maƙeri yana dukan uwar maƙera. In an ƙara wuta, ita ma sai ta ƙara sauri. Ma'anarta matashi ya cinye. Filin nan ƙarami ya buɗe, mai ba ya iya cika shi. Hannun fistan yana ta dukan karanshaf kai tsaye. Sau da yawa jar fitila mai hoton butar mai takan kama a gaban direba.

Injin gazuwal, irin na manyan motoci, yana da tasa ƙara ta asali. Wannan ba ciwo ba ne. Abin lura shi ne sabuwar ƙara, wadda ba a saba ji ba.

In aka ci gaba da tafiya

Ciwon mutum wani lokaci yakan warke da kansa, domin jiki yana yin sabon nama. Ƙarfe ba ya haka. Abin da ya cinye ya cinye ke nan.

Ga lissafi. Daga Zinder zuwa Mirya kilomita 18 ne. Motar da ke yin kilomita 60 a awa za ta isa cikin minti 18. A ce injinta yana juyi 2000 a minti ɗaya. Kafin ta isa, karanshaf ya juya sau dubu 36. In matashi ya cinye, a kowane juyi ƙarfe yana cin ƙarfe. Wannan fa gajeriyar tafiya ce.

Ɓarnar tana tafiya daki-daki. Da fari matashi ne kaɗai ya lalace. Sai garin ƙarfensa ya shiga cikin mai. Famfo ya ɗauki man ya kai shi sauran sassa, su ma su fara cinyewa. Daga nan karanshaf ya yi zane-zane, ya yi zafi har launinsa ya sauya. Ƙarshenta ɗayan biyu ne. Ko dai ƙarafan su manne, inji ya tsaya cik. Ko kuwa hannun fistan ya karye, ya fasa jikin inji, mai ya tsiyaye a ƙasa. A nan ne ake cewa inji ya buga.

Wanda ya tsaya da wuri, watakila matashi da mai kaɗai zai saya. Wanda ya ɗan ƙara gaba, sai an kai karanshaf wurin masu gogewa, ko a sayi wani. Wanda ya ƙi tsayawa sam, inji sukutum zai nema. Kuɗin inji ya ninka kuɗin matashi sau da yawa. Ban da wannan, motar za ta yi kwanaki a garaji. Direba ba aiki, yaron mota ba aiki, gidajensu ba cefane.

Akwai kuma haɗari. In inji ya mutu ana cikin gudu, a motoci da yawa birki yakan yi tauri, sitiyari ya yi nauyi. Man da ya zuba a kan salansa mai zafi yana iya kama wuta.

Me ke hana direba tsayawa?

Direbobi da yawa sun san duk wannan. Amma tsayawa tana da wuya. Fasinjoji sun biya kuɗi, kowa yana sauri. Wata tana son ta riski kasuwa kafin ta watse. Wani ya ɗauko tumatir, yana tsoron ya ruɓe. Mai mota yana jiran kuɗinsa da yamma. Sai direba ya ce a ransa: "Bari dai in lallaɓa zuwa gari na gaba."

Wasu sukan zuba mai mai kauri don ƙarar ta ragu. Takan ragu kaɗan, amma ciwon yana nan. Kamar a rufe gyambo da riga ne.

Shi ya sa fasinja ma yana da nasa aiki. In direba ya tsaya don ya ji sabuwar ƙara, bai kamata a yi masa faɗa ba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Hanyar daji

A cikin gari, in mota ta mutu, garaji yana kusa, ruwa yana kusa. Hanyar arewa ba haka take ba. Daga Zinder zuwa Tanut kimanin kilomita 150 ne. Zuwa Agadas kuwa ya fi kilomita 400. Bayan an wuce Tanut, garuruwa suna nisa da juna, rijiyoyi ma haka. Gaba da Agadas da Arlit sai hamada.

A watan Oktoba na shekarar 2013 an sami gawarwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Daga cikinsu 52 yara ne, 33 mata. Motoci biyu da suka ɗauko su ne suka lalace a hanya. Ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta kashe su. Da yawa daga cikinsu mutanen ƙasar Kance ne, a jihar Zinder. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa duka. Allah ya jiƙan su.

Mutuwar mota a daji ba asarar ƙarfe kaɗai ba ce. Saboda haka motar da injinta ke ƙwanƙwasa ba ta da hurumin barin gari, balle ta kama hanyar arewa.

Abin da ya kamata a yi

Kafin a tashi, direban kirki yakan duba mai. Ya zaro sandar awo, ya goge ta, ya mayar, ya sake zarowa. Akwai zane biyu a jikinta. Mai ya kasance tsakaninsu. Ya duba ruwan lagireto tun inji yana da sanyi. Ya leƙa ƙarƙashin mota, ko akwai ɗigon mai a ƙasa. Ya tayar da inji, ya saurara. In tafiyar mai nisa ce, ya ɗauki ruwan sha isasshe da galan na baƙin mai.

In babbar ƙwanƙwasa ta fara a hanya, ko jar fitilar mai ta kama, ga abin yi:

1. A rage gudu, a sauka gefen hanya.
2. A kashe inji nan take.
3. A sa alama a gaba da baya, don masu zuwa su gani.
4. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, tururi yana ƙona fuska.
5. In inji ya huce, a duba mai. In an ƙara mai ƙarar ba ta daina ba, kada a sake tayarwa.
6. A kira makanike, ko a nemi wata mota ta ja ta.
7. In a daji ne, a zauna kusa da mota, a nemi inuwa, a yi tattalin ruwa.

Ba mota kaɗai ba. Babur, injin niƙa, injin ban ruwa na lambu da janareto duk da fistan da baƙin mai suke aiki. Yaron da aka aika niƙa, in ya ji inji ya sauya murya, yana iya gaya wa mai injin. Rigakafi ya fi magani.

Kalmomi da Faransanci

Fistan: piston
Hannun fistan: bielle
Karanshaf: vilebrequin
Matashi: coussinet
Lagireto: radiateur
Juyen mai: vidange

Tambayoyi

1. Me madugu yake yi in raƙumi ya fara ɗingishi?
2. Waɗanne ne hawa huɗu na aikin fistan?
3. Mene ne amfanin baƙin mai a cikin inji?
4. Wane bambanci ke tsakanin ƙaramar ƙwanƙwasa da babba?
5. Don me mai mai kauri ba ya warkar da inji?
6. Inji yana juyi 2000 a minti ɗaya. Sau nawa zai juya a tafiyar awa biyu da rabi?

Aiki

A je garajin unguwa tare da malami. A roƙi makanike ya nuna sabon matashi da wanda ya cinye. A zana su biyu a littafi, a rubuta bambancinsu da Hausa, sa'an nan da Faransanci.