Sauya fitilun bayan motar jif

Sauya fitilun bayan motar jif aiki ne da ake yi wa tsohuwar mota, inda ake cire fitilun da ta zo da su daga kamfani a sa wasu, ko kuma a gyara fasalin waɗanda ke jikinta. Masu motoci na yin haka don maye gurbin fitilar da ta fashe ko ta dushe, ko don ado, ko don motar ta yi kama da sabon samfuri. A arewacin Najeriya direbobi na kiran jar fitilar baya da suna danja. Fitilar baya ita ce ke sanar da direban da ke biye abin da na gaba zai yi, saboda haka duk canjin da ya taɓa launinta ko ƙarfin haskenta ya shafi lafiyar mutane a kan hanya.

Fitilun da ke bayan mota

A cikin gidan fitila ɗaya akwai fitilu da yawa, kowace da aikinta:

Danja: ja ce mai matsakaicin haske, tana kamawa tare da fitilun gaba don a ga motar da dare.
Fitilar birki: ita ma ja ce, amma ta fi danja haske sosai, kuma ba ta kamawa sai an taka birki.
Sigina: tana ƙyaftawa sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya don nuna ɓangaren da mota za ta karya.
Fitilar ribas: fara ce, tana kamawa idan an sa giyar baya.
Jan gilashi mai mayar da haske: ba ya amfani da wuta, yana ƙyalli ne idan hasken wata mota ya doke shi, ko da motar a kashe take.

A tsofaffin motoci da dama, danja da birki suna cikin ƙwan fitila ɗaya mai zare biyu: zare mai wat 5 na danja, da mai wat 21 na birki. Wannan tazarar haske ce ke sa na baya ya gane an taka birki. Lambobin irin waɗannan ƙwayaye da aka fi sani su ne 1157 da 7443, kuma suna aiki da batir mai bolt 12.

Tarihi

Motocin farko da fitilar mai suka yi amfani. A shekarar 1912 kamfanin Cadillac ya fito da mota mai cikakken tsarin lantarki na tayar da inji da kunna fitilu, sannan Buick ya sa sigina mai ƙyaftawa a bayan motocinsa a 1939. Yarjejeniyar Biyana kan zirga-zirgar ababen hawa ta 1968 ta tanadi cewa fitilar baya da ta birki su kasance ja. A Amurka an wajabta fitilar birki ta uku, wadda ake sawa a sama ta tsakiya, ga ƙananan motoci daga samfurin 1986, sannan ga jif da a-kori-kura daga samfurin 1994.

Nick Holonyak ya ƙirƙiro jar fitilar LED a 1962 lokacin da yake aiki da kamfanin General Electric, amma sai bayan shekaru da dama ta yaɗu a motoci. Ta fuskar ado kuwa, motar Toyota Altezza ta 1998 ta zo da fitilar baya mai farin gilashi, wadda ake ganin jajayen da'irori a cikinta. Masu ƙera kayan gyara sun kwaikwayi wannan fasali ga motoci iri-iri, har aka riƙa kiransa da sunan motar.

Hanyoyin sauyawa

Sauya ƙwai kawai. Ana cire ƙwan mai zare a sa na LED a gurbinsa. Wannan ita ce hanya mafi araha. LED ba ta cin wuta da yawa, kuma tana riga ƙwan mai zare kamawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, don haka wannan ɗan lokaci ya kai tazarar fiye da mita biyar ga direban da ke baya.

Sauya gidan fitila gaba ɗaya. Ana sayen wanda aka ciro daga wata mota, ko sabo da wani kamfani daban ya ƙera.

Sauya wa mota kama. A nan ana canza fitilu da bamba, wani lokaci har da ƙofar baya, don tsohuwar mota ta yi kama da ta baya-bayan nan. An fi yin haka ga Toyota Land Cruiser da Prado da manyan motocin Lexus. Aikin ya fi sauƙi idan tsakanin shekarun ƙira ɗaya ne. Misali, Prado samfurin J150 ta fito a 2009, kamfanin ya sabunta fuskarta a 2013 da kuma 2017, jikin kuwa bai canza sosai ba. Amma fitilar J150 ba ta zama a gurbin ta J120, wadda aka ƙera daga 2002 zuwa 2009, sai mai gyaran bodi ya yanka ƙarfe ya yi walda.

Baƙanta gilashi. Ana manna baƙar leda ko a fesa fenti a kan fitilar. Wannan hanya ce ta fi haɗari, domin tana rage hasken birki, tana kuma toshe gilashin da ke mayar da haske.

Matsalolin da ake fuskanta

Saurin ƙyaftawa. An ƙera rilen sigina na tsofaffin motoci ta yadda zai ƙara sauri idan ƙwai ya mutu. Da yake LED ba ta jan wuta sosai, sai rilen ya ɗauka ƙwan ya mutu. Ana magance wannan da sa rilen da aka yi don LED, ko a haɗa rizista mai om 6 da wat 50. Rizistar tana zafi ƙwarai, dole a ɗaure ta a jikin ƙarfe nesa da roba da wayoyi.

Launi. Jan gilashi jan haske kawai yake bari ya wuce. Farar LED ba ta da ja mai yawa a cikinta, idan aka sa ta a bayan jan gilashi sai hasken ya fito a kodaɗɗe. Abin da ya dace shi ne launin ƙwai ya zo ɗaya da na gilashi.

Bambancin ƙasashe. Yawancin jif na hannu da ake shigowa da su ta Legas ko Kwatano daga Amurka da Turai suke. Dokar Amurka ta yarda siginar baya ta kasance ja, ta Turai kuwa ta wajabta ruwan lemo, tare da fitilar hazo ta baya. Saboda haka soket da wayoyin mota iri ɗaya kan bambanta. Mai saye kan tafi da tsohuwar fitilar kasuwa don a gwada.

Haɗin waya. Idan wayar da ke haɗa fitila da jikin mota ta yi tsatsa ko ta saki, wutar kan bi ta wata fitilar, sai a ga danja tana ƙyaftawa tare da sigina. Murɗa wayoyi da hannu a naɗe da leda, ko sa fiyus da ya fi ƙarfin wayar, na iya jawo gobara.

A arewacin Zamfara

Manyan hanyoyin yankin su ne wadda ta taso daga Gusau ta bi Kaura Namoda zuwa Shinkafi, da wadda ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya a jihar Katsina. Ba su da fitilun titi a tsakanin garuruwa, kuma babura da manyan motocin kaya duk suna bin su, musamman ranar Alhamis da kasuwar Shinkafi ke ci. Jif da a-kori-kura suna da amfani wajen shiga garuruwa irin su Galadi da ƙauyukan da ke kewaye, inda yashi da taɓo ke wahalar da ƙananan motoci.

Yanayin wurin yana shafar fitilu. Hazon hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana rage nisan gani, ƙura kuma tana lulluɓe bayan jif fiye da na ƙaramar mota saboda bayanta a miƙe yake. Fitilar da aka riga aka baƙanta, idan ƙura ta hau kanta, da ƙyar ake ganinta. Zafin rana yana dusar da robar fitila har ta tsage, da damina kuma ruwa ya shiga ya lalata soket. Gargadar hanya tana tsinka zaren ƙwai, wanda shi ne dalili ɗaya da ya sa LED ta fi daɗewa.

Masu wayarin mota a Kaura Namoda da Gusau ne ke yin irin wannan aiki. Manyan kasuwannin kayan gyara da 'yan kasuwar arewa ke sarowa sun haɗa da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas.

Doka

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana aiki da Dokokin Zirga-zirgar Hanya na Ƙasa na 2012, kuma tuƙi da fitilar da ba ta aiki laifi ne da ake cin tara a kansa. Jami'an VIO suna duba fitilu kafin su ba da takardar lafiyar mota. A Zamfara akwai kuma hukumar ZAROTA ta jiha.

Dubawa bayan aiki

Ana gwajin ne da mutum biyu: ɗaya a mazaunin direba, ɗaya a tsaye a baya. Ana kunna danja, a taka birki, a gwada sigina ta dama da ta hagu, sannan a sa ribas. Ana maimaita gwajin da rana tsaka, domin hasken birkin da ake gani da dare na iya ɓacewa a cikin rana. Idan na baya bai iya bambance danja da birki daga nesa ba, aikin bai kammala ba.