Log da Launin Fim: Abin da Masu Ɗaukar Biki a Zango Suka Faɗa Daidai da Wanda Suka Kauce

Daga Sabon Zango zuwa Nima da Mamobi a Gana, magana ta yaɗu tsakanin samarin da ke ɗaukar bidiyon aure da suna cewa da zarar ka kunna log a kyamara, hotonka ya zama na silima. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma amare ke ɗaukar asarar.

Log ba ya ƙara launi. Aikinsa shi ne matse haske mai ƙarfi da inuwa mai duhu su shiga fayil ɗaya, shi ya sa hoton ke fitowa dishi-dishi, toka-toka. Asalinsa tsarin Cineon ne da kamfanin Kodak ya fitar a farkon shekarun 1990. Yau Sony na da S-Log3, Canon na da C-Log, Panasonic na da V-Log, Apple kuma ta sa nata a iPhone 15 Pro a 2023. Dukansu sai an zauna gaban kwamfuta an mayar da su ma'aunin Rec.709 da talabijin ke nunawa, sannan a gyara launi. Wanda ya miƙa wa dangin ango bidiyon log ɗanye bai gama aikin da aka biya shi ba.

Masu cewa log na ceton hoto a tsakar rana kuwa sun yi gaskiya. Ɗauki ranar Sallah a harabar Masallacin Ƙasa da ke Kanda: dattijo baƙi cikin farar babbar riga, rana tsaka. A saitin yau da kullum, in ka bi fuskarsa rigar ta ƙone fari fat, aikin allurar wuya ya ɓace. In ka bi rigar, fuskar ta nitse. Log na riƙe duka biyun. Sai dai yana farawa daga ISO mai yawa, 640 a Sony A7S III, don haka dole ka ɗaura gilashin rage haske na ND.

Inda na fi jin takaici shi ne zancen wai log ba ya son baƙar fata, yana mai da ita toka. Laifin na awon haske ne. A S-Log3, katin toka na awo yana zama wajen kashi 41 cikin ɗari a ma'auni. Fatar da ta fi shi duhu tana sauka ƙasa, inda tsaki-tsakin hoto ke taruwa. Mai ɗauka ya kalli allo, ya ga kamar haske ya isa, alhali bai isa ba. Maganinsa shi ne a ƙara haske kaɗan lokacin ɗauka, a rage shi wajen gyara, a kuma haska fuskar da fitila ko faranti mai mayar da haske. Fatar amaryarmu ta cancanci wannan ɗan wahala.

Log ba RAW ba ne, wato ɗanyen bayanin da kyamara ke kamawa, kuma ba kowace kyamara ke iya ɗaukar nauyinsa ba. Sony A7 III tana naɗa 8-bit a cikinta, matakai 256 ga kowane launi, yayin da 10-bit ke da 1,024. In ka ja launin log na 8-bit da ƙarfi, sararin sama da bangon ɗaki sai su tsattsage zobe-zobe. Da irin wannan kyamara, a bikin dare cikin lungu ƙarƙashin kwan fitila biyu, gara ka kashe log. Ka tsaya kan hoto 25 a daƙiƙa da shata 1/50, tunda wutar Gana 50Hz ce, don kada fitilu su riƙa ƙyafta ido.

LUT, wato fayil ɗin saitin launi, da ake turawa ta WhatsApp ma ba ya gyara hasken da aka ɓata tun wajen ɗauka, kuma wanda aka yi don C-Log ba zai zauna kan S-Log3 ba. Manhajar gyaran bidiyo ta DaVinci Resolve na da nau'in kyauta, kuma kamfanonin kyamara na ba da LUT ɗinsu na juyawa zuwa Rec.709 ba tare da ko sidi ɗaya ba. Fara da LUT ɗin kamfanin, ka daidaita fata, kafin ka taɓa sauran launuka.