Wutar da ke mayar da fasasshiyar kwalba abin wuya

Jama'a masu sauraro, na Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri da Kore Mairuwa, da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka a Kangiwa.  Yau za mu yi magana a kan wata sana'a da ba mu saba ganin ana yi a wannan yanki namu na Arewa ba, ko da yake kayanta sun daɗe a wuyan iyayenmu mata da hannuwansu: narka gilashi a yi duwatsun ado da ƙarau da 'yan kunne, a sayar a ci abinci.

(Kiɗan gurmi, sannan a sassauta)

Duk wadda ta taɓa buɗe tsohon kwandon kakarta ta san abin da nake nufi. A ciki akwai murjani, akwai jigida, akwai waɗansu duwatsu masu nauyi da sanyi a tafin hannu, waɗanda ba su yi kama da robar da ke cika kasuwa yau ba. Da yawa daga cikinsu gilashi ne. Waɗansu sun taso tun daga Murano ta ƙasar Italiya, fatake suka ratso da su. Waɗansu kuwa a nan kusa aka yi su, a Bida ta ƙasar Nupe.

Wanda ya bar Dogon Dutsi ya bi ta Birnin Kebbi da Yawuri da Kwantagora zai kai Bida. A can akwai unguwa da ake kira Masaga, sunan da masu aikin gilashin su ma suke amsawa. A bakinsu, kakanninsu daga Masar suka fito, suka biyo ta Borno kafin su zauna a Nupe. Bajamushen nan Leo Frobenius ya gan su suna aiki a farkon ƙarni na 20, kuma S. F. Nadel ya yi bayaninsu a littafinsa kan masarautar Nupe da ya fito a 1942. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen duniya da aka sani da sana'ar hannu.

Maƙerarsu ɗaki ne mai duhu, murhu a tsakiya an haƙa shi a ƙasa, yaro yana zuga. Maigidan aiki yana riƙe da sandar ƙarfe mai narkakken gilashi a bakinta, yana zuba shi a kan wata sandar da yake juyawa ba tsayawa. In dutsen ado ake so, sai ya naɗe shi ya daidaita da ƙarfe mai faɗi. In ƙarau ne, sai ya yi ta buɗe zoben yana kaɗa shi har ya kai girman hannun mace, babu mahaɗi ko ɗaya a jikinsa. A da, su da kansu suke haɗa gilashin daga yashi da kanwa, baƙi wuluk, suna ce masa bikini. Ku lura da wannan, domin yashi bai yanke mana ba, kanwa kuwa ga ta nan a Dallol Boso. Amma haɗa gilashi daga tushe yana cin wuta ta kwanaki, shi ya sa da kwalabe suka yawaita sai Masaga suka koma narka su.

To, ni dai a ganina hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce ta mutanen Krobo a gabashin Gana, wajen Odumase da Somanya. 'Yan Arewa da suka yi cin rani a kurmi wataƙila sun ga kayansu a kasuwar Koforidua, inda ake baje duwatsun ado kowace Alhamis. Su ba sa naɗa gilashi a sanda. Tara kwalabe suke yi, su ware su launi-launi, su wanke, su daka a turmin ƙarfe har su zama gari, su tankaɗe. Sai su zuba garin a wani faifan yumɓu mai ramuka, kamar tandar waina ƙarama. A tsakiyar kowane rami ana tsayar da ɗan karan ganyen rogo. In an sa a wuta, garin ya haɗe jikinsa ya zama dutse, karan ya ƙone ya bar ƙofar zare. Wanda yake son zane sai ya zuba garin hawa-hawa, ja a ƙasa, fari a tsakiya, shuɗi a sama. Akwai kuma waɗanda ake yi da ɓarɓashin kwalba ba tare da an daka ba, su ne masu ɗaukar ido in rana ta doke su, sai dai sun fi son wuta mai ƙarfi, kuma ana huda su da tsinken ƙarfe tun suna da zafi. Murhun kansa da ƙasar suri ake gina shi. Bayan duwatsun sun huce sai a goge su a kan dutse da ruwa da yashi. Wani ɗan garin Odumase, Nomoda Ebenezer Djaba, wanda aka fi sani da Cedi, da wannan aikin ya yi suna har ana gayyatarsa ƙasashen waje ya koyar.

Me ya sa na ce ta dace da mu? Saboda rabin ilimin yana hannun matanmu masu ginin tukwane. Sun san yumɓun da ke jure wuta da wanda ke tsagewa. Maƙeranmu sun san zuga. Suri kuwa ga shi nan a kowane daji. Kwalaben lemo da na magani da na turare suna zube a bola, yara suna taka su suna yankewa.

(Kiɗa kaɗan)

Amma kada wani ya ji wannan ya ɗauka kuɗi ne a ƙasa. Kwalba kyauta ce, wuta ita ce jarin. Gilashi ba ya haɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 700 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyas, kuma a Gana da Bida itace suke ƙonawa, ƙasashen da ke da daji. Mu nan mun san tafiyar da mace take yi kafin ta haɗa damin kara da kirare. Ba zan so in ga an sare gawon Dallol Mawri, wanda ke ciyar da gona da dabba, don a yi jigida ba. Wanda zai fara ya fara lissafin makamashi kafin komai: ko gas, ko gawayin ƙasa irin na Anu Araren, ko kuwa mutum biyar su haɗa kai su cika murhu ɗaya a wuta ɗaya. Masu yin wannan sana'a a Turai da Amurka ƙaramin murhun lantarki suke amfani da shi, mai auna zafi da kansa, suna jera yankakken gilashi mai launi su narka shi wuri guda. Yana da kyau, amma yana son lantarkin da ba ya ɗaukewa tsawon awoyi.

Sai kuma haƙurin hucewa. Gilashin da aka fitar da zafinsa cikin iskar hunturu zai tsage, ko nan take ko bayan mako guda a wuyan wadda ta saya. A bar shi ya huce a hankali cikin murhu ko cikin toka mai ɗumi. Haka nan ba kowace kwalba ke zama da 'yar uwarta ba. Gilashin taga da na kwalba ba sa takurewa daidai in suna hucewa, sai su fashe a mahaɗa. Mai koyo ya riƙa haɗa iri ɗaya har ya gane halinsu.

Wannan kuma ina roƙon iyaye su saurara da kyau. Ƙurar dakakken gilashi tana cutar da huhu da ido. A yayyafa ruwa kafin daka, a rufe hanci da baki, a sa tabarau, a yi nesa da wurin girki. Turmin da aka daka gilashi a ciki kada ya sake ganin gero. Yara ƙanana kuwa ba wurinsu ba ne.

Kasuwa fa? A farashi, mai aikin hannu ba zai taɓa kayar da robar da ake shigo da ita buhu-buhu ba, kada ma ya gwada. Abin da yake da shi wanda ɗan kasuwa ba shi da shi, shi ne ya yi wa mutum abin da ya ce. Bayan kaka, in bukukuwa sun kankama, ƙawayen amarya suna fitar da anko. Mai murhu a Matankari tana iya karɓar ƙyallen atamfar ta yi musu abin wuya da 'yan kunne ashirin masu launinta, su biya rabi kafin ta hura wuta. Daga nan sai hoto a WhatsApp, a aika kaya a mota zuwa Doso ko Birnin Konni. In hannu ya faɗa, a Yamai akwai ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, akwai rumfunan gidan tarihi na Bubu Hama, akwai kuma baje kolin SAFEM na sana'o'in mata. A wajen sa kuɗi, a lissafa wuta da zare da maƙalli da waɗanda suka fashe, sannan a lissafa yinin da aka ɓata, domin shi ne masu sana'armu suka fi mantawa.

Ga matashin da ke shirin tafiya kurmi bana, shawarata ita ce ya ware 'yan watanni ya zauna gaban masu murhu a Odumase ko a Masaga, ya yi musu zuga da daka, ya ga yadda suke karanta launin wuta da ido, ya auno girman murhun da na faifan kafin ya dawo gida.